Fili, Lokaci da Jama'a: Makomar Motsa Jiki a Wurno da Rabah da Goronyo

Ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda ke shimfiɗe a fadamun gulbin Rima da gulbin Sakkwato ta gabas da arewa maso gabashin birnin Sakkwato, ƙasa ce ta manoma da makiyaya da masunta, kuma ƙidayar 2006 ta nuna cewa Wurno na da mutane kimanin 162,000, Rabah 149,000, Goronyo kuma 182,000, adadin da ya ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci. Duk wanda ya san yadda ake dashen shinkafa a fadamar Wurno, ko yadda ake ban ruwan albasa da tafarnuwa a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Goronyo, zai iya ganin cewa kiran irin waɗannan mutane zuwa ga motsa jiki magana ce marar wuri, tunda guminsu ba ya bushewa daga damina har rani. Sai dai hedikwatocin ƙananan hukumomin uku, da manyan garuruwan kasuwa irin su Acida da Gandi, sun tara wani rukuni na jama'a da ke ƙaruwa kowace shekara, wanda rayuwarsa ta koma ta zama: ma'aikatan sakatariya da malaman makaranta, masu shaguna da dillalan hatsi, matan aure da ke cikin gida, da samarin da suka gama sakandare ba su sami abin yi ba. A kan waɗannan ne maganar ta fi nauyi, kuma su ne ba a cika tunawa da su ba idan ana lissafin matsalolin lafiyar yankin.

Abin da masana kiwon lafiya ke nufi da motsa jiki ya fi wasanni faɗi, domin ya ƙunshi duk wani motsi da ke sa tsoka aiki ya kuma ci ƙarfi, ko tafiya ce zuwa kasuwa, ko ɗibar ruwa, ko tuƙa keke, alhali wasanni wani reshe ne nasa da ke da dokoki da gasa. A jagorar da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, wato irin wanda ke ɗaga bugun zuciya da numfashi amma mutum na iya magana yana cikin yinsa, ko kuma minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani kamar gudu, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa ana so su sami awa guda kowace rana. Ƙididdigar hukumar ta nuna cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba su kai wannan mizani ba, mata sun fi maza yawa a cikinsu, kuma a tsakanin matasa masu shekara 11 zuwa 17 kusan huɗu cikin biyar ne suka gaza kaiwa.

Manomin da ke wuni a duƙe yana cirar ciyawa ya wuce wannan mizani ninki-ba-ninki, kuma zai zama rashin adalci a tsaya a gabansa ana yi masa wa'azin gudu, domin abin da jikinsa ke nema shi ne hutu da abinci mai gina jiki da magani idan bayansa ya ƙage. Masu bincike ma sun lura cewa aikin ƙarfi na tsawon yini cikin rana, wanda ba a samun isasshen hutu a tsakaninsa, ba lallai ne ya ba zuciya irin amfanin da motsi na ɗan lokaci wanda hutu ke biye da shi yake bayarwa ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, saboda yawancin yekuwar da ake shiryawa a ofisoshin manyan birane tana ɗaukar jama'a duka a matsayin abu guda, sai ta faɗa kunnen wanda ba ya bukatarta, ta kuma wuce wanda yake bukata.

Zaman da ya kama mutanen gari ya shigo ne ta ƙofar sauƙi, kuma sauƙin nan alheri ne da ba mai hankalin da zai so a janye shi. Kabu-kabu ya ɗauke tafiyar ƙasa tsakanin unguwa da kasuwa, injin niƙa da injin casar shinkafa sun ɗauke wa mata turmi da taɓarya, rijiyar burtsatse ta gajarta hanyar ɗibar ruwa, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, maganin feshi ya rage noman fartanya, wayar hannu kuma ta sa saƙon da a da sai an taka an kai shi yanzu daga zaune ake isar da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya cire wahala, amma a tare sun cire motsin da ke saƙe a cikin harkokin yini ba tare da an ɗora wani abu a gurbinsa ba, a daidai lokacin da gishiri da dunƙulen ɗanɗano da lemon kwalba suka ƙaru a cimaka. Binciken da aka tattara daga sassan Najeriya ya kiyasta cewa kusan baligi ɗaya cikin uku na da hawan jini, cutar da ba ta faye nuna alama ba sai ranar da ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, kuma a garuruwan da babban asibitin ƙwararru yake can Sakkwato, kuɗin magani na wata-wata kan ci abin da iyali suka tara a kaka. Rigakafin da tafiyar minti talatin a rana ke bayarwa daga hawan jini da ciwon suga shi ne mafi arha da talakan yankin zai iya samu.

Tarihin waɗannan garuruwa ya nuna cewa lafiyar jiki ba baƙon al'amari ba ce a tsarin zamansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ne a matsayin ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake zaunar da jama'a a bakin iyaka domin tsaro, kuma a can ya rasu a 1837, a can ne kabarinsa yake. Mazaunin ribaɗi manomi ne kuma mai gadi a lokaci guda, ana sa ran ya iya hawan doki ko doguwar tafiyar ƙasa, ya iya harbi da baka, ya kuma fito tare da maƙwabtansa idan ganuwa ta zube a gyara ta. Ƙarfin jikin mutum a wancan tsari dukiya ce ta gari gaba ɗaya, shi ya sa gari ne ke kula da shi. Haka abin yake a aikin gayya, wato taron da samarin ƙauye kan yi su nome gonar mutum guda a yini ɗaya, makaɗan noma na biye da su suna zuga gwanaye, mai gona kuma ya ciyar da su ya shayar, gobe a koma gonar wani. A gayya ne aiki da gasa da zumunci suka haɗu har ba a iya raba su, kuma a cikinta ne yaro ke fara sanin matsayinsa a tsakanin tsaransa.

Shekarar manomi tana da lokacin wasa da kowa ya sani. Idan kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, hunturu ya fara sauka, sai dandali ya cika da dare, 'yan mata na gaɗa, yara maza na langa, 'yan kokawa kuma su fara yawo daga ƙauye zuwa ƙauye tare da makaɗansu suna neman wanda zai tare su. Wannan yanki ya ba ƙasar Hausa ɗaya daga cikin manyan muryoyin wannan duniya ta maza, domin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin kalangun da waƙoƙinsa suka sa sunan 'yan dambe Shago da Ɗandunawa ya zaga ko'ina ake jin Hausa, ɗan ƙasar Gandi ne a ƙaramar hukumar Rabah. Abin lura a tarihin irin su Ɗan Anace shi ne yawan mutanen da wasa guda ke motsawa: akwai ɗan wasan, akwai makaɗi da 'yan amshinsa, akwai sarkin fawa ko sarkin samari da ya kira taron, akwai mai tuwo da mai fura da ke cin kasuwa a gefe, akwai kuma yaran da gobe da safe za su koma bayan gari suna kwaikwayon abin da suka gani. Ba wata hukuma da ta ware wa wannan tsari kasafin kuɗi, amma ya daɗe yana tafiya saboda yana da fili, yana da lokacinsa a cikin shekara, yana kuma da shugabannin da jama'a suka amince da su.

Wajibi ne a bambance tsakanin wasannin gargajiyar nan idan lafiya ake nema, ba a yi musu kuɗin goro ba. Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, ana naɗe hannu guda da zare a yi turmi uku ana neman kisa, wato kai abokin karawa ƙasa, wasa ne na ƙwararru da ke tattare da haɗarin bugun kai, kuma ko da yake yana da masoya ya kuma cancanci a tsara shi da alƙalai da ma'aikatan lafiya a gefen fili, ba shi ne abin da za a tura yaran makaranta su yi ba. Kokawa ta fi shi dacewa da kowa, domin tana aiki da dukkan gaɓoɓi, ba ta bukatar komai sai rairayi mai laushi, kuma kaye ne ke raba gardama ba rauni ba. Langa kuwa, inda ɗan wasa ke riƙe ƙafa guda da hannu ta baya yana tsalle da ɗayar, abokansa na kare wanda ake kira ruwa har ya isa wurin sha, tana gina ƙarfin ƙafa da daidaiton jiki da haɗin kai fiye da wasanni da yawa da ake sayen kayansu da tsada. Dukkan ukun suna cikin wasannin gargajiya da aka amince da su a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, don haka yaron da ya gwanance a Goronyo yana da tsanin da zai taka. Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa: tun 1975, lokacin da aka fara a Tawa, gasar kokawa ta neman takobin ƙasa take zagayawa tsakanin jihohin ƙasar, kowace jiha na tura 'yan kokawa goma bayan an tace su tun daga ƙauyuka, kuma wannan tacewar ta ƙasa-ƙasa, wadda ke sa dubban samari atisaye wata da watanni, ta fi takobin kansa amfani ga lafiyar jama'a.

Rabah tana da nata gadon ta wata fuskar. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda aka haifa a garin, ya kuma dawo ya riƙe ƙasar a 1934 bayan ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, gwani ne a wasan fayif tun yana Kwalejin Katsina, kuma bai daina bugawa ba har yana Firimiyan Arewa. Fayif wasa ne da mutum biyu-biyu ke bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango mai ɓangare uku, wani malamin makaranta Bature mai suna Hogben ne ya shigo da shi Arewa a farkon shekarun 1920, ya kuma kama ƙasa a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato saboda bangon laka da ƙwallon tanis sun wadatar. Ga garuruwan da fili ke ƙara tsada, wasan da ke cin ƙasa kaɗan, wanda ɗan shekara goma sha biyu da ɗan shekara hamsin duk za su iya bugawa, ya cancanci a sake dubansa, kuma babu inda ya fi cancanta da bangon fayif mai rai kamar mahaifar mutumin da ya fi kowa ɗaukaka shi.

Abubuwa da dama ne suka kwance wancan tsohon tsari. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 kuma aka gina ta don ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, tare da aikin noman rani na Wurno, ta cike watannin da a da suke na hutu da wasa, wanda kuwa ba ya da gonar fadama yakan tafi ci-rani. Amma babu abin da ya kai rashin tsaro illa. Harin da aka kai Tabanni a ƙasar Gandi a Yulin 2018, da wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 inda aka kashe mutum fiye da arba'in, sun koya wa jama'a tsoron taro, musamman taron dare da tafiya tsakanin ƙauyuka, waɗanda su ne ƙashin bayan kokawa. Ƙauyuka sun tashi sun kwarara cikin garuruwa, wasu makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma yaran da suka taso a wannan hali sun rasa gona sun rasa dandali a lokaci guda. Ba za a ce wasa zai magance ta'addanci ba, hakan raina musibar ne. Abin da za a iya cewa shi ne yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba yana bukatar awa guda a rana da zai yi gudu da dariya cikin tsaransa a ƙarƙashin idon babba, kuma wasan da ya haɗa ɗan gari da ɗan gudun hijira, Bahaushe da Bafulatani, a ƙungiya guda yana rage baƙuntar da zargi ke tsirowa a cikinta.

Ƙwallon ƙafa ce ta gaji mafi yawan sha'awar samari, sai dai kaso mai yawa na wannan sha'awa a kan benci take ƙarewa, a gidajen kallo inda ake biyan kuɗi a ga wasannin Ingila da Sifen, a fito ana musu har tsakar dare. Ƙungiyoyin unguwa suna nan, su ke tara kuɗin ƙwallo da riguna daga aljihunsu, kuma su ne mafi girman ƙungiyoyin sa-kai na matasa a yankin ko da ba a rubuta sunayensu a wani ofis ba. Rauninsu shi ne rashin gasa mai ɗorewa, domin kofunan da ake sakawa sukan bayyana ne idan zaɓe ya ƙarato su kuma ɓace bayansa, sai matasa su koyi cewa wasa hanyar karɓar kuɗin ɗan takara ce. Gasar da za a riƙa yi kowane hunturu tsakanin mazaɓu, da jadawali sananne da kyauta ko da ƙarama ce, ta fi babban kofi na shekara huɗu-huɗu amfani, domin ita ce ke ba saurayi dalilin tashi atisaye da kiyaye jikinsa. Wannan yana da alaƙa da shaye-shaye, tunda binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Ƙwallo ba ta ba saurayi sana'a, amma tana ba shi kocin da zai lura da ranar da idonsa ya sauya.

Duk wannan ya rataya ne a kan fili, kuma a nan ne asarar da ba a iya mayarwa take faruwa. Yayin da garuruwan ke faɗaɗa, filin makarantar firamare ne ake fara gutsurewa a yi shaguna ko ƙarin ajujuwa, dandalin unguwa a yanka shi fuloti, bayan gari kuma inda yara ke ƙwallo a wayi gari an kafa masa tubali, kuma filin da aka gina ba ya dawowa. Doka ba ta bar wannan a duhu ba: jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon rabon filaye a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kuma, wanda ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, zai rage uzurin rashin kuɗi idan aka aiwatar da shi yadda ya kamata. Abin da ake bukata bai kai girman filin wasa na Giginya da ke Sakkwato ba. Fili ne shararre a kowace mazaɓa, da iyakar da aka shata aka rubuta, da turakun raga, da rairayin kokawa a gefe, da layin dogon yaro domin inuwa, da famfo kusa, a kuma bar filayen makarantu a buɗe ga unguwa bayan an tashi karatu bisa yarjejeniya da shugaban makaranta.

Lokaci ma ba a aro shi daga wata ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40, kuma gudu da tsakar rana a irin wannan yanayi neman suma ne. Bayan sallar asuba da bayan la'asar sakaliya su ne lokutan da jiki da al'ada suka yarda da su, hunturu shi ne lokacin gasa, a watan azumi kuwa motsi mai sauƙi bayan buɗa-baki ko bayan asham ya wadatar. Dattijo da mai hawan jini su fara da tafiya a hankali su riƙa ƙarawa, wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya ya ga ma'aikacin lafiya.

Mata su ne suka fi asara a sauyin da aka yi, kuma su ne aka fi yin shiru a kansu. Yarinya kan yi gaɗa da carafke da tsere har ta fara girma, daga nan sai fili ya rufe mata, idan ta yi aure kuma duniyar motsinta ta koma tsakar gida, wadda a sababbin gine-gine take ƙara ƙanƙancewa. Mafita ba ta bukatar a yi faɗa da kunya ko da tsarin aure, tana bukatar wuri ne killatacce da jagorancin mata: harabar makarantar 'yan mata ko ta Islamiyya a wasu ranaku, malamar motsa jiki mace, da ma'aikaciyar lafiya da za ta bayyana wa mai ciki cewa tafiya da motsi matsakaici suna da amfani gare ta muddin ba a hana ta ba saboda wata larura. Wurno ba ta rasa abin koyi a nan, domin Nana Asma'u, wadda ta zauna a garin zamanin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji, wato dattawan mata da aka naɗa shugabanni, suke jagorantar mata daga ƙauyuka su tako da ƙafa zuwa wurinta neman ilimi su koma su koyar. Tsari ne na mata, a hannun mata, da yardar malamai da mazaje, kuma irinsa ne kaɗai zai iya isa ga matar da ke cikin gida a yau.

Malamai suna da damuwar da ba za a yi watsi da ita ba game da tarukan wasa, musamman caca, da layu da tsafe-tsafen da wasu 'yan dambe da 'yan kokawa ke dogaro da su, da cakuɗuwar maza da mata, da wasan da ke cinye lokacin salla. Waɗannan duka abubuwa ne da tsari ke iya gyarawa, kuma asalin wasan ba abin ƙi ba ne, tunda ya zo a ruwayoyi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ya kuma yi kokawa da Rukana. Liman da ya ambaci hawan jini da amfanin tafiya a huɗubar Juma'a zai isar da saƙon ga dattawan da ba za su taɓa karanta takardar asibiti ba, kuma gasar da aka tsayar da ita idan an kira salla ba za ta rasa albarkar unguwa ba.

Akwai wani fanni da ya keɓanta da wannan yanki, wato ruwa. Garuruwan da ke zaune a bakin gulbi da madatsa, waɗanda suka ga ambaliyar Satumban 2010 suka kuma ga kifewar jirgin 'yan kasuwar Goronyo a Agustan 2025, iyo a wurinsu dabarar tsira da rai ce kafin ya zama wasa. Masunta da sarakunan ruwa suna da wannan ilimi, kuma bikin Argungu, wanda ke ƙasa da su a kan ruwa guda, ya daɗe yana nuna cewa ninƙaya da tseren kwale-kwale na iya zama abin alfahari na gari. Sai dai ruwan da ke kwance a madatsai da magudanan ban ruwa mazaunin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne, cutar da ke sa yara fitsarin jini, saboda haka koyar da iyo dole ya tafi tare da zaɓen wurin da ya dace, da rabon maganin tsargiya a makarantu, da dagewa kan rigar ruwa ga duk wanda zai shiga jirgi ko da gwanin iyo ne.

Tambayar da ta rage ita ce wa zai riƙe aikin, kuma yankin ya riga ya gwada amsarta a wani fage. Yaƙin da aka yi da cutar shan-inna ya sami ƙarfi ƙwarai bayan da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aka bi ta uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwa har ƙofar kowane gida, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wannan tsani yana nan, haka ma kwamitocin raya mazaɓu da ke kula da ƙananan asibitoci, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da na manoman shinkafa da albasa waɗanda ke da asusu da shugabanci. Kwamitin fili da ya ƙunshi mai unguwa da liman da shugaban makaranta da wakilin samari da wakiliyar mata zai iya tsara wa kowane rukuni ranarsa, ya tara gudummawar kaka domin ƙwallo da raga, ya kira gayya a share fili a dasa itatuwa, ya kuma gayyaci ma'aikacin lafiya ya zauna a gefe da na'urar awon jini ranar gasa, inda zai sami magidanta da yawa fiye da waɗanda ke zuwa asibiti da ƙafarsu a wata guda. Aikin farko da ke gaban irin wannan kwamiti ba ya cin kuɗi: a zagaya mazaɓa a lissafa filayen da yara ke wasa a kansu yanzu, a san mai kowanne, a kai jerin ga hakimi da sashen filaye na ƙaramar hukuma, a nemi a rubuta waɗanda na jama'a ne da sunan jama'a tun kafin mai neman fuloti ya riga kwamitin isa ofis.